Ƙannena na teburin mai shayi, alƙali ba ɗan jam'iyyarku ba ne

Da ku nake, masu zaman bakin kasuwar ƙauyenmu bayan isha'i.

Ranar 20 ga Satumba 2023 ina kan bencin nan, wayar mutum ɗaya muka kewaye, lokacin da kotun ƙararrakin zaɓe ta zaftare wa gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ƙuri'u 165,663, ta ce babu hatimi ko sa hannu a jikinsu. Masu jar hula suka ce an sayi alƙalai, ɗaya ɓangaren ya kaure da kabbara. Da Kotun Ƙoli ta maido da ƙuri'un ranar 12 ga Janairu 2024, sai kuka yi musayar baki, masu zagi suka koma yabo. A tsakanin nan ne wani ya rotsa wa ɗan baffansa kai da gora. Har yau iyayensu mata ba sa gaisawa a bakin rijiya.

Wa ke ɗora alƙali a kujera? Hukumar kula da alƙalai ta ƙasa, NJC, ce ke ba da suna, gwamna ko shugaban ƙasa ya naɗa. A Janairun 2019, ana saura makonni zaɓe, Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen. Ban ce duk alƙali na kasuwa ne ba, akwai masu tsoron Allah, amma wanda ya ci ladan kuturu kun san abin da ke jiransa.

Ko mai gaskiyar ma hannunsa a ɗaure yake. Ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, takarda kawai yake rubutawa. Kun gani a rikicin sarautar Kano a Mayun 2024: Babbar Kotun Tarayya ta ce kaza, ta jiha ta ce akasinsa, sarki ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a Nasarawa. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya hana a gurfanar da gwamna yana kan mulki. Ƙarar zaɓe kuwa kwana 180 ne, in suka cika an rufe ƙofa.

Saboda haka ku ajiye gorar nan, don Allah. Ranar zaɓe, kafin ka dangwala, juya ƙuri'ar ka duba hatimi da sa hannun jami'i. Kada yunwa ta kore ka gida kafin a ƙirga. Tsaya har a cike takardar sakamako, wakilai su sa hannu, ka ɗauki hotonta da wayar da kake zagin alƙalai da ita.