Kociyoyi Tara a Bakin Fili, da Kocinmu na Kano Mai Usur Ɗaya

Daren wata Juma'a a watan Oktoba, sanyin Ohio yana ratsa ƙashi, ina zaune a benci ina kallon ɗana da abokansa suna gwabzawa a filin makarantarsu ta sakandare. Wasan nan na Amurkawa mai kama da zari-ruga, wanda suke kira ƙwallon ƙafa alhali rungume ta ake yi a ruga da gudu, na daɗe kafin ya kwanta mini. Da na gaji da bin ƙwallon sai na koma ƙirga manyan da ke tsaye a bakin fili sanye da riguna iri ɗaya. Tara na samu. Kociyoyi tara a kan yaran da ko gemu ba su fara ba!

Nan take na tuna kocin unguwarmu a Kano. Shi kaɗai ne, da usur a wuya. Shi ne mai horarwa, shi ne mai ɗori idan an yi targaɗe, shi ne mai bin gidaje yana roƙon iyaye su bar yara su fito, shi ne kuma mai cika kuɗin mota daga aljihunsa ranar da za mu je wasa bayan gari.

Da aka tashi na tsaya gaisawa da ƙaramin cikinsu, wani saurayi da bai kai talatin ba, riƙe da kwamfuta. Na ce masa, "Malam, kai kuma mene ne naka a wannan taro?" Ya ce da rana lissafi yake koyarwa a makarantar, da dare kuma yana kallon bidiyon ƙungiyar da za su kara da ita mako mai zuwa, yana ware kowane hari da suka kai, ya rubuta a wane yanayi suke yin kaza. Burinsa, in ji shi, wata rana ya kai gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka. Na yi masa fatan alheri, a zuci kuma ina cewa wannan yaro ya ɗauko Dala ba gammo.

Daga baya na gane ni ne ban san garin ba. Ta inda yake tsaye ake bi.

Ɗauki Andy Reid, mai gashin baki, babban kocin Kansas City Chiefs. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba. A 1982 ya fara, ƙaramin mataimaki a jami'ar da ya gama, BYU. Daga nan ya tafi jami'ar San Francisco State, inda ƙungiyar ke cikin talaucin da sai da kociyoyin suka riƙa sayar da burodi da nama a harabar makaranta don su tara kuɗin gudanarwa. Ya yi Northern Arizona, ya yi UTEP a Texas, ya yi Missouri, yana jan iyalinsa daga wannan jiha zuwa waccan kamar makiyayi mai bin damina. Sai a 1992 Mike Holmgren ya ɗauke shi Green Bay Packers, ƙungiyar NFL, can ma ƙaramin aiki. Shekara 17 yana yi wa wasu aiki kafin Philadelphia Eagles su ba shi ragama a 1999. Ranar ganawar ɗaukar aiki da wani ƙaton fayil ya je, cike da bayanan da ya daɗe yana tarawa kan yadda zai tafiyar da ƙungiya idan rabonsa ya zo, tun daga jadawalin atisaye har yadda za a yi tafiya.

Kaka 14 ya yi a can bai ci babban kofin NFL ba, wato Super Bowl. A ƙarshen 2012 suka sallame shi, mako bai zagayo ba Kansas City suka ɗauke shi. Kofin Super Bowl na farko a matsayinsa na babban koci sai a Fabrairun 2020 ya zo hannu, yana da shekara 61. Ya ƙara a 2023, ya sake a 2024.

Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne yawan matakan. A ƙasa akwai masu yanka bidiyo da ɗaukar allo. Sama da su akwai kocin kowane gurbi, wannan nasa masu tare gaba, wancan nasa masu cafe ƙwallo. Sama da su akwai madugai, na masu kai hari da na masu tsaro da na masu bugun ƙafa. Can ƙoli sai babban koci. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, kowace da kociyoyi wajen ashirin, ga ɗaruruwan jami'o'i a ƙarƙashinsu, ga dubban makarantun sakandare. Kowane mataki yana da albashinsa, ko da na cin abinci ne kawai. Bill Belichick, wanda ya ci Super Bowl shida da New England Patriots, a kan dala 25 a mako ya fara da Baltimore Colts a 1975.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san wannan tsari, sai dai mu a kasuwa muka san shi. Yaro ya shiga Kantin Kwari yana share rumfa da ɗauko ƙunshin atamfa, a hankali a bar masa ciniki, a fara aikensa Legas, ranar da maigida ya gamsu ya sallame shi da jari. Har salsala suke ja kamar almajiran ilimi: Holmgren a gaban Bill Walsh ya zauna, Reid a gaban Holmgren, daga hannun Reid kuma John Harbaugh da Doug Pederson suka fito, kowannensu ya je ya ci kofinsa. Idan aka ɗauki sabon koci, abin da 'yan jarida ke fara tambaya shi ne yaron wa ne.

Har wahalar yaron gida akwai. Robert Saleh, ɗan asalin Labanan da aka haifa a Dearborn, Musulmi na farko da ya zama babban koci a NFL, aikin banki ya ajiye ya shiga harkar bayan wansa ya tsira daga harin 11 ga Satumban 2001. Shi da bakinsa ya ba da labarin lokacin da suke ƙananan mataimaka a jami'ar Central Michigan, shi da Matt LaFleur. Aka kira su liyafa gidan maigidansu, suna ta murna, ashe share ƙanƙara da jera motocin baƙi aka kira su yi. LaFleur ya zama babban kocin Green Bay a 2019, Saleh na New York Jets a 2021. A Oktoban 2024 aka kori Saleh ana tsakiyar kaka. Bayan 'yan watanni ya koma San Francisco, kujerar madugun masu tsaro da ya baro. Belichick ma da Cleveland suka kore shi bayan kakar 1995, wajen tsohon maigidansa Bill Parcells ya koma ya ci gaba da mataimaki. Wanda ya faɗo daga saman tsanin nan, mataki ɗaya yake sauka.

A gida fa? Koci a Najeriya wuri biyu gare shi, kujera ko zaman gida. Yawancin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗaɗɗu ne da ke sauyawa idan gwamnati ta sauya. A yi rashin nasara biyu a jere, sai ka ji an ba koci wa'adin wasanni uku, alhali ana riƙe da albashinsa na watanni. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a hannun kociyoyi uku: Kadiri Ikhana, Baba Ganaru, Okey Emordi. Ka kwatanta da Pittsburgh Steelers, wadda daga 1969 har 2024 mutum uku kacal suka riƙe ta.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne marigayi Shuaibu Amodu. Shi kam ya hau tsani irin na sana'a, daga ƙungiyoyin gida, har ya ci wani kofin ƙungiyoyin Afirka da BCC Lions ta Gboko a 1990. Ya kai Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2002, aka cire shi kafin a tafi, aka ba Onigbinde. Ya sake kai ta ta 2010, aka sake cire shi, aka ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Stephen Keshi ya ci mana kofin Afirka a 2013, duk da haka kowa ya ji labarin bashin albashin da ya riƙa bi. Su biyun a watan Yunin 2016 suka rasu, kwanaki kaɗan a tsakani.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da nake ganin ta fi korar ma illa, wato ɗaukar suna a matsayin shaida. Mutum ya yi tashe a fili, ya rataye takalmi, gobe a miƙa masa ƙungiya. Iya taka leda daban, iya koyar da ita daban. Wanda bai taɓa sa rigar Super Eagles ba kuwa, ko ya je makarantar horar da kociyoyi ta Surulere ya dawo da takarda, abin da za a fara jefa masa shi ne, "Kai a ina ka buga?" Da Andy Reid namu ne, da wannan tambayar aka gama da shi tun 1982.

Kada a ce zaman Amurka ya sa na fara ganin hanjin jimina. Nan ma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sean McVay ya zama babban kocin Rams a 2017 yana da shekara 30, kuma ya nuna ya iya, ya ci kofi a 2022, amma kakansa babban jami'i ne a San Francisco 49ers, ƙofar ba a kulle ya same ta ba. Koci Kyle Shanahan ɗan koci Mike Shanahan ne. Jim da John Harbaugh, da suka kara da juna a Super Bowl na 2013, 'ya'yan koci ne. Tsarin yaro da maigida yana da wannan aibin a ko'ina, maigida wanda ya yi kama da shi yake ja a jiki. Fiye da rabin 'yan wasan NFL baƙaƙen fata ne, amma an wayi gari a farkon 2022 babban koci baƙi ɗaya ne tal, Mike Tomlin. Tun 2003 aka kafa dokar Rooney, wadda ta tilasta wa ƙungiyoyi ganawa da 'yan tsiraru kafin su ɗauki koci, sai wasu suka mai da ita cika umarni. Brian Flores, wani koci baƙar fata, ya kai ƙara kotu a 2022 bayan Belichick ya aiko masa da saƙon taya murnar samun aikin New York Giants bisa kuskure, yana nufin wani Brian ɗin, kwana uku kafin a ma gana da shi Flores. Da a gida aka yi wannan, da mun ce ai ƙasar ce ta lalace.

Rayuwar ma ba ta sha'awa ba ce. Kwana a ofis abin alfahari ne a wajensu. Washegarin kammala kaka har suna gare ta, Baƙar Litinin, ranar da ake sallamar kociyoyi, kuma idan babba ya tafi yawanci da yaransa yake tafiya.

Na san za a ce kuɗi ne, kuma da gaskiya a ciki. Filin jami'ar Ohio State yana ɗaukar mutum sama da 100,000, a jihohi da dama kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Wannan ba abin da za mu kwaikwaya ba ne. Amma malamin lissafin nan ba miliyoyi ake ba shi ba, ɗan alawus ne da makaranta ta rubuta a kasafinta, da kuma babba a kansa da ke duba aikinsa kowane mako. Ƙungiyar da ke iya ɗaukar tawagar jami'ai zuwa wasan waje ba za ta ce ta kasa biyan matasa uku da za su zauna a gaban koci suna koyo ba. Wayar ɗaukar bidiyo tana aljihun kowa. Abin da babu shi ne kujerar ƙaramin, wadda aka amince aiki ce.

Da na je gida hutun bara na leƙa filinmu da la'asar. Kocin yana nan, ya yi furfura, usur ɗin ne dai a wuya. Bayan mun gaisa na ba shi labarin kociyoyi tara, ya yi dariya har da tafa hannu. Na ce, "Koci, kai wa kake koya wa aikin nan?"

Ya ce, "Alhaji, da akwai wani yaro mai kai, shekara huɗu yana tare da ni, ya fi ni karanta wasa. Da ya yi aure sai ya karɓi adaidaita sahu. Yakan tsaya mu gaisa idan ya sauke fasinja ta nan."

Sai ya busa usur, ya tafi raba wasu yara biyu da suka kama kokawa a kan bugun gefe.