Talabijin na dijital: ba kowa ke da kuɗin data ba

Kwanan baya a majalisarmu wani mai sayar da wayoyi a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ce a daina damun mutane da batun komawa talabijin na dijital. "Wa ke ɗaura eriya a kan gora yanzu? Kowa da wayarsa a hannu." Da shi kaɗai ne da na yi shiru, amma har a bakin 'yan boko ina jin wannan magana.

Tun 2006 ƙasashe suka amince a Geneva, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a rufe tsohon tsarin analog ranar 17 ga Yunin 2015. Najeriya da zumuɗi ta ɗibar wa kanta 2012. Ta wuce, 2015 ta wuce, 2017 ma ta bi sahu. An fara gwaji a Jos a 2016, Kano kuwa sai a 2021 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya zo ya ƙaddamar. Aka yi jawabai, aka tafa, aka watse. Yau shiga Kurna ko Dorayi ka tambayi magidanci mene ne FreeTV, sunan da aka raɗa wa sabon tsarin, ka ga kallon da zai yi maka.

Wannan sakaci ne ya ba masu cewa "a bar shi kawai" baki. To amma wayar da suke taƙama da ita ta mutum ɗaya ce, maigida na fita ta bi shi a aljihu. Talabijin na gida ne gaba ɗaya, har da tsohuwa da yara da maƙwabtan da ke leƙowa. Kuma waya ba ta nuna komai sai an ciyar da ita data, datar da aka amince a ƙara wa farashi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Mai tura baro a Singer ne zai riƙa kallon labarai da ita kullum?

Abin dariyar ma, zangon watsa shirye-shirye da tashar analog ɗaya ke cinyewa yana ɗaukar tashoshi da yawa a dijital, ragowar kuma kamfanonin waya ake sayar wa don intanet ta ƙara ƙarfi. Wato abokin namu na Farm Centre reshen da yake zaune a kai yake sara.

Masu cewa ai babu wuta kuma, su faɗa mana ko tsohon talabijin da kananzir yake aiki.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne Kannywood. Tun da kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka koma jiran ɗan abin da YouTube zai yaga musu. Arewa24 ta nuna ƙarara cewa akwai masu kallon shirin Hausa. Da ƙananan tashoshi za su samu gurbi ba sai kowacce ta kafa nata turken watsawa ba, da matasa nawa ne za su samu aikin yi a garin nan?

Ya kamata hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta daina auna nasara da yawan bukukuwa. A zuba dikoda a Sabon Gari da farashin da talaka zai iya, a yi bayani da Hausa a gidajen rediyo, tunda Bakano da rediyo yake kwana yake tashi. Sannan a sa ranar rufe analog, a kuma ji kunyar ɗaga ta.