Walter Cronkite da daren da ya faɗi ra'ayinsa

A daren 27 ga Fabrairun 1968, a ƙarshen wani shiri na musamman da gidan talabijin na CBS ya watsa kan yaƙin Biyetnam, Walter Cronkite ya yi abin da masu kallonsa ba su saba gani daga gare shi ba. Mutumin da ya kusa shekara shida yana karanta wa Amurkawa labaran yamma ba tare da ya nuna inda zuciyarsa ta karkata ba, ya fuskanci kyamara ya ce yaƙin ya kafe, ba gaba ba baya, kuma hanyar da ta rage wa ƙasarsa ita ce ta zauna a teburin sulhu. Ya ce Amurka ba za ta je teburin a matsayin wadda ta ci yaƙi ba, za ta je ne a matsayin al'umma mai mutunci da ta yi iyakar abin da za ta iya. Maganar ba ta wuce 'yan mintoci ba, amma har yau ita ce abin da ake fara tunawa idan an ambaci sunansa. A ganina, yadda ake ba da labarin wannan dare ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci a rayuwar mutumin.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Shugaba Lyndon Johnson yana kallon shirin, ya kashe talabijin ya ce idan ya rasa Cronkite to ya rasa talakan Amurka, sannan bayan wata guda, ranar 31 ga Maris, ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba. 'Yan jarida suna son wannan labari domin yana ɗaga darajar sana'arsu. Sai dai a lokacin da ake watsa shirin, Johnson yana birnin Austin na jihar Texas, wurin bikin zagayowar ranar haihuwar Gwamna John Connally, kuma masu binciken tarihi sun daɗe suna shakkar ko ya taɓa furta wannan magana. Bayan haka, tun a watan Oktoban 1967 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna cewa waɗanda ke ganin tura sojoji Biyetnam kuskure ne sun fi waɗanda ba su ga haka ba yawa. A cikin watan Maris ɗin da Johnson ya janye, Sanata Eugene McCarthy ya ba shi tsoro a zaɓen fidda gwani na jihar New Hampshire, Robert Kennedy ya shigo takara, kuma dattawan da yake shawara da su kan harkokin waje sun gaya masa cewa ƙara sojoji ba zai kawo nasara ba. Amurka ma ba ta fita daga yaƙin ba sai bayan shekara biyar, da yarjejeniyar Paris ta Janairun 1973, kuma fiye da rabin sojojin Amurka sama da 58,000 da suka mutu a can sun mutu ne bayan daren da Cronkite ya yi magana.

Saboda haka ban yarda cewa mai gabatar da labarai ne ya kawar da shugaban ƙasa ba. Abin da ya dace a tsaya a kansa shi ne dalilin da ya sa mutane suka saurare shi da ya yi magana, alhali da yawa sun riga shi faɗin irin wannan magana ba a kula su ba.

Amsar tana cikin shekarun da ya yi kafin ya hau kujerar gabatar da labaran yamma. An haife shi a garin St. Joseph na jihar Missouri ranar 4 ga Nuwamban 1916, ya tashi a Houston, ya shiga Jami'ar Texas amma bai kammala ba, domin aikin jarida ya ja shi. Makarantarsa ta gaskiya ita ce kamfanin dillancin labarai na United Press, inda ake koya wa wakili ya fara da abin da ya faru, ya faɗi wanda ya gaya masa, ya aika da wuri, kuma ya sani cewa kuskure ɗaya zai bayyana a jaridu ɗaruruwa da safe. Da wannan horo ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya bi jirgin yaƙi da ya kai hari ta sama a Jamus, ya sauka a Holan tare da sojojin Amurka a 1944 cikin irin jirgin nan marar inji da ake ja a sake shi, ya aiko da rahoto daga shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg, sannan ya yi kusan shekara biyu yana riƙe da ofishin kamfanin a Masko a zamanin Stalin. Sai a 1950 ya koma CBS. Lokacin da aka ba shi labaran yamma, ranar 16 ga Afrilun 1962, ya riga ya kwashe fiye da shekara ashirin yana neman labari da ƙafarsa, kuma ya nemi a ba shi muƙamin babban editan shirin, wato yana da ta cewa kan abin da za a sa da abin da za a cire kafin ya karanta.

Ranar da wannan horo ya fi fitowa fili ita ce 22 ga Nuwamban 1963, ranar da aka harbe Shugaba John Kennedy a Dallas. Sanarwar farko da Cronkite ya yi murya ce kawai ba hoto, domin kyamarorin wancan zamani sai sun ɗauki lokaci suna ɗumi kafin su yi aiki. Kusan awa guda ya yi yana karanta abin da ke shigowa, kuma a cikin wannan awa rahotanni sun iso, har daga wakilan CBS ɗin kanta, cewa shugaban ya cika. Duk lokacin da ya ambaci irin wannan rahoto sai ya ƙara da cewa ba a tabbatar ba. Sai da aka miƙo masa takardar kamfanin dillancin labarai mai ɗauke da sanarwar hukuma, sannan ya ce Shugaba Kennedy ya rasu da ƙarfe ɗaya na rana agogon Dallas, ya cire tabarau ya dubi agogon bango, muryarsa ta ɗan shaƙe, ya ci gaba da aiki. Jama'a suna tuna cire tabarau da ƙwallar da ya danne. Ni abin da ya fi burge ni shi ne awar da ta gabata, lokacin da yake da damar riga kowa faɗin labari mafi girma a rayuwarsa, ya ƙi faɗa har sai da ya tabbata.

Ba na son a ɗauka cewa mutum ne marar aibi, domin tarihinsa kan Biyetnam ɗin ma yana da tabo. A farkon yaƙin yana cikin masu gaskata gwamnati. Ya je ƙasar a 1965 ya dawo bai sauya ra'ayi ba, a daidai shekarar da ƙaramin abokin aikinsa Morley Safer ya aiko da hoton sojojin Amurka suna cinna wa bukkokin ƙauyen Cam Ne wuta. Matasan wakilai da ke Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, sun daɗe suna cewa alƙaluman nasarar da hafsoshi ke bayarwa ba su dace da abin da ake gani a fagen daga ba, kuma Cronkite ya yi jinkirin jin su. Abin da ya farkar da shi shi ne harin Tet na ƙarshen Janairun 1968, lokacin da mayaƙan kwaminisanci suka afka wa birane da garuruwa da dama a lokaci guda, har suka kutsa harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, watanni biyu kacal bayan Janar William Westmoreland, kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam, ya gaya wa Amurkawa cewa an fara hango ƙarshen yaƙin. A nan ne ya yi abin da ya bambanta shi. Bai zauna a New York ya yanke hukunci ba, ya ɗauki jaka ya tafi, ya isa har birnin Hue ana tsakiyar ɓarin wuta, ya yi magana da sojoji da hafsoshi. Gani ya kori ji. Da ya dawo kuma, bai cusa ra'ayinsa cikin labaran yamma ba. Ya ajiye shi a ƙarshen shiri na daban, ya kuma gaya wa masu kallo a fili cewa abin da za su ji yanzu fahimtarsa ce shi kaɗai, mai yiwuwa ta yi daidai, mai yiwuwa ta kuskure.

Wannan rarrabewa tsakanin labari da ra'ayi ita ce jarinsa. Yakan rufe shirinsa kowane dare da jimla guda mai ma'anar "haka lamarin yake", sai ya faɗi kwanan wata. Akwai masu sukar wannan jimla, kuma sukar tana da tushe: shiri na minti talatin, wanda talla ke cinye kusan minti takwas daga ciki, ba zai iya cewa ya nuna duniya yadda take ba. Amma jimlar ta ɗora masa nauyi, domin wanda ya yi alkawarin faɗin abu yadda yake, ba ya da sararin yawan faɗin yadda yake so abin ya kasance. Da kowane mako yana wa'azi kan siyasa, da maganarsa ta Fabrairun 1968 ta bi iska kamar sauran.

Dole kuma a faɗi cewa zamani ya taimake shi. A shekarun da ya yi tashe, manyan gidajen talabijin uku ne kawai a Amurka, CBS da NBC da ABC, kuma miliyoyin gidaje suna cin abincin dare a gaban ɗaya daga cikinsu. Ko a cikin ukun ma sai da ya yi shekaru yana bayan Chet Huntley da David Brinkley na NBC, har a 1964 shugabanninsa suka janye shi daga gabatar da babban taron jam'iyyar Demokrat saboda ƙarancin masu kallo. Laƙabin nan na mutumin da Amurkawa suka fi amincewa da shi ya samo asali ne daga wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1972 wadda ta gwada shi da 'yan siyasa, kuma fin ɗan siyasa amana a idon jama'a a zamanin Shugaba Richard Nixon ba wani babban tsalle ba ne. Mai karatu da ya tashi a lokacin da cewa "an faɗa a rediyo" ke kashe gardama a majalisa zai gane yadda ƙarancin muryoyi ke ƙara wa murya ɗaya nauyi. Irin wannan nauyi yana da haɗari, domin abin da gidaje uku suka ƙi ɗauka kamar bai faru ba ne. Duk da haka, sauran gidajen biyu ma sun sami irin wannan dama, kuma ba kowa a cikinsu ya bar sunan da Cronkite ya bari ba.

Yadda ya yi amfani da nauyin ne ya sa nake girmama shi. A watan Oktoban 1972, kwanaki kaɗan kafin zaɓe, lokacin da badaƙalar Watergate, wato fasa ofishin jam'iyyar Demokrat da masu alaƙa da kamfen ɗin Nixon suka yi, kusan jaridar Washington Post ce kaɗai ke bin ta da gaske, ya ware minti goma sha huɗu na shirinsa ya tattara wa masu kallo abin da aka gano. Fadar White House ta kai ƙara wurin shugaban CBS William Paley, aka rage tsawon kashi na biyu, amma aka watsa shi. Nixon ya lashe jihohi 49 a zaɓen, wanda ya sake nuna cewa mai gabatar da labarai ba ya juya ƙasa a dare ɗaya, sai dai labarin ya fita daga hannun jarida guda ya shiga gidajen jama'a, kuma a Agustan 1974 Nixon ya yi murabus. A watan Nuwamban 1977 kuma ya yi hira ta tauraron ɗan adam da Shugaba Anwar Sadat na Masar, wanda ya ce a shirye yake ya je Birnin Ƙudus cikin mako guda idan an gayyace shi, sannan ya nemo Firaminista Menachem Begin na Isra'ila wanda ya ce gayyata na tafe. Sadat ya sauka a Isra'ila ranar 19 ga watan. An yi ta cewa Cronkite ne ya haɗa su, alhali Sadat ya riga ya faɗi niyyarsa a gaban majalisar dokokin Masar, kuma wakilan ƙasashen biyu sun riga sun gana a asirce a Maroko. Abin da ya yi shi ne aikin wakili: ya yi tambayar da ta sa mutum ya faɗi lokaci a bainar jama'a.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin ya taka iyakar da shi kansa ya shata. Bayan ɗaliban Iran sun yi garkuwa da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran a Nuwamban 1979, ya riƙa ƙara adadin kwanakin da suka yi a tsare cikin jimlar rufe shirinsa, har aka sake su bayan kwana 444. Adadin gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma maimaita shi kowane dare a cikin shekarar zaɓe hukunci ne na edita, kuma ya zama tunatarwa ta kullum kan gazawar Shugaba Jimmy Carter. A 1968 ya gaya wa masu kallo cewa ra'ayi yake faɗa, a wannan karon kuwa ra'ayin ya shigo cikin rigar labari.

Ya sauka daga kujerar ranar 6 ga Maris 1981 yana da shekara 64, watanni tara bayan CNN ta fara watsa labarai dare da rana, kuma ya rayu har zuwa 17 ga Yulin 2009. Dan Rather, wanda ya gaje shi, gogaggen wakili ne da ya yi aiki a Dallas da Biyetnam da fadar White House, ya kuma riƙe kujerar shekara 24, ya fi Cronkite daɗewa a kanta. A watan Satumban 2004, ana dab da zaɓe, ya gabatar da rahoto kan aikin sojan da Shugaba George W. Bush ya yi a ƙuruciyarsa, bisa wasu takardu da CBS ta kasa tabbatar da sahihancinsu. Gidan ya nemi afuwa, aka sallami wasu ma'aikata, kuma a watan Maris na 2005 Rather ya bar labaran yamma.