Baƙin allon da ba baƙi ɗaya ba ne

Duk lokacin da aka ɗora hoton irin zanen nan da babu mutum a cikinsa, babu dabba, babu itace, sai launi ɗaya ko layuka biyu zuwa uku, abin da ake fara cewa shi ne, "Ai wannan ko ɗan firamare zai iya." Ban cika ganin laifin masu faɗin haka ba, domin a waya suke kallonsa, kuma waya ba ta yi wa irin wannan zane adalci.

Ad Reinhardt, wani mai zane ɗan Amurka, ya shafe shekarunsa na ƙarshe, daga 1960 zuwa rasuwarsa a 1967, yana fenta alluna masu tsawon ƙafa biyar da faɗin ƙafa biyar, waɗanda a kallon farko baƙaƙe ne wuluk. Sai mutum ya tsaya a gabansu na wasu mintuna har idonsa ya saba, sannan zai lura cewa an raba allon gida tara, wani baƙin ya karkata zuwa ja, wani zuwa shuɗi, wani kuma zuwa kore. Yakan tsiyaye man da ke cikin fentin don kada ya yi ƙyalli, shi ya sa ko yatsa aka ɗora a kai sai ya bar tabo. Kyamara kan haɗe duk wannan ta mayar da shi baƙi guda.

Haka ma Agnes Martin, wata mai zane da ta riƙa jan layukan fensir a kan kyallen zane mai ƙafa shida. Daga nesa kamar hazo ne; idan aka matso, sai a ga yadda layin ke ɗan rawa duk inda ya haye saƙar kyallen. A zane mai tarkace, kuskure na samun maɓoya, amma a nan layi ɗaya in ya karkace shi ido zai fara gani, kuma ta sha lalata ayyukan da ba su gamsar da ita ba.

Ba ina cewa duk allon da aka shafa wa launi ɗaya abin yabo ba ne, akwai na ganganci da yawa. Da gidan adana zane na ƙasar Kanada ya sayi wani zane mai suna Voice of Fire na mai zane Barnett Newman a kan kusan dalar Kanada miliyan 1.8, mutane sun yi ca a 1990, kuma suna da haƙƙin tambayar yadda aka kashe kuɗin gwamnati. Sai dai yawancinsu a jarida suka ga ratsi ukun da ke jikinsa, shuɗi da ja da shuɗi, alhali tsayin zanen ya haura mita biyar.