Haƙurin da lauya ya rubuta

Ni fa idan kamfani ya bar mutane a tsaye, ba lalacewar ce ta fi ƙona min rai ba. Na'ura ce, dole wata rana ta yi gardama. Abin da ke biyo baya ne: shiru na awa biyu ko uku, sannan a fito da sanarwar nan da kowa ya haddace, wai "wasu daga cikin abokan hulɗarmu na fuskantar 'yar tangarɗa". Wasu? Kowa layinsa a mace yake. Daga gani ka san sai da lauya ya bi ta layi-layi, ya tsame duk kalmar da za a iya kai su kotu da ita.

Ku tuna ranar 19 ga Yulin 2024, da CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, ya tura gyaran manhaja mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cak, a lissafin Microsoft. Asibitoci, bankuna, filayen jirgin sama duk suka rikice, kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000. Saƙon farko na shugaban CrowdStrike, George Kurtz, ya bayyana cewa ba kutse ba ne, amma babu "ku yi haƙuri" ko sau ɗaya. Sai da aka yi masa caa sannan ya ba da haƙuri a talabijin. Daga baya suka aika wa abokan aikinsu katin sayen abinci na Uber Eats na dala 10. Ka duba fa, mutum ya kwana yana tayar da kwamfuta ɗaya bayan ɗaya da hannu, idonsa ya yi ja, ka ce ga dala 10. Ai gara ka yi shiru.

Kamfanin sadarwa na Optus a Ostireliya ma haka, a Nuwamban 2023. Kusan mutum miliyan 10 suka wuni ba layi, wasu ko lambar gaggawa ba su samu ba. Diyyar? Ƙarin data 200GB. Ba a cika mako biyu ba shugabar ta ajiye aiki.

Abin da muke so bai da yawa: me ya faru, yaushe zai dawo, wa zai biya asarar. In ba ku gano ba tukuna, ku faɗa, ku sa lokacin da za ku sake magana.

Amma in faɗi gaskiya, akwai inda CrowdStrike ya burge ni. A watan Agustan 2024, a taron masana kutse da tsaron kwamfuta na DEF CON, aka ba su kyautar izgili ta kwaɓa mafi girma, kuma Michael Sentonas, ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin, ya je da ƙafarsa ya karɓa, ya ce zai ajiye ta inda kowane ma'aikaci zai riƙa ganinta.