Zaman benci a kakar farko ta ƙwallon jami'a a Amurka

Iyaye da yawa, idan kakar farko ta ɗansu ta ƙare bai taɓa shiga fili ba, sai su ce koci ya tsane shi, ko shekarar ta tafi a banza. Damuwarsu tana da dalili: yaron da ya saba zama tauraro a sakandare, ga shi yana kallon wasa daga gefe.

Sai dai tsarin ya bambanta da na lig-lig ɗin Turai. Kakar gajeriya ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, sau da yawa wasa biyu a mako, atisayen share fage kuma bai wuce 'yan makonni ba. Koci ba shi da sararin gwada sabon shiga mai shekara 18 a gurbin ɗan shekara 22 da ya san tsarinsa.

Abin da aka fi jahilta shi ne ƙa'idar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, a rukuninta na ɗaya, wadda ta daɗe tana ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kaka huɗu. Minti ɗaya a wasan gasa yana cinye kaka guda cur. Shi ya sa wasu kociyoyi kan ajiye yaro da gangan.

A ɗauki mai tsaron gida da ya tarar da ɗan ajin ƙarshe a ragar. Da an sa shi minti goma don faranta ran iyaye, da kaka uku ta rage masa. Tunda an ajiye shi, yana atisaye da tawaga, huɗunsa suna nan daram.