Ranar 'yan mazan jiya: furanni kaɗai ba su isa ba

Kowace ranar 15 ga Janairu shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a wurin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba a Abuja, a busa begila, a harba bindigogi, a saki fararen tattabaru. Gwamnoni ma su yi nasu a jihohi. Ba ni da ja a kan wannan, wanda ya ba da ransa ya cancanci fiye da haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana karrama mamatan, amma ba a gaya wa 'ya'yanmu abin da ya kai su kabari.

Da can 11 ga Nuwamba ake bikin, kamar a Ingila. Aka mayar da shi Janairu domin a ranar ce, a 1970, Philip Effiong, wanda ke riƙe da jagorancin Biyafara a lokacin, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare.

Sai dai a ranar ce kuma, a 1966, aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka harbe Birgediya Zakariya Maimalari. Wannan babin mun haddace shi a Arewa, kuma haƙƙinmu ne mu yi kukansa. Wanda muke saurin tsallakewa shi ne abin da ya biyo baya: juyin mulkin watan Yuli, kisan shugaban mulkin soja Janar Ironsi, da dubban 'yan ƙabilar Ibo da aka hallaka a garuruwanmu, mutanen da jiya-jiya ake ciniki da su a Sabon Gari. Sulhun da aka yi a Aburi ta ƙasar Gana ya wargaje, Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ɓalle ya kafa Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, sannan sojojin tarayya suka yi wa farar hula kisan gilla a Asaba, yunwa ta lashe yara ba adadi. Can Gabas kuma nasu rabin suka riƙe. Shi ya sa da gardama ta tashi a Facebook, kowa sai ya zaro gawarsa kawai.

Tsofaffin da suka yi wannan yaƙi, ta ɓangarorin biyu, suna nan da sauran numfashi, galibinsu sun haura saba'in, wasu suna fama da bin fansho. A kai su makarantu a makon bikin, a naɗi muryarsu da Hausa da Ibo da Tibi, a sa a rediyo tun ana iya tambayarsu.